Injin da Bai San Kara Ba

Fararen zabin gidanmu daga Ajingi suka zo. Inna ce ta taho da ƙwansu a ƙwarya daga gidan iyayenta tun tana amarya a Gaya, ta zuba wa wata kaza ta kwanta musu, kuma tun daga nan ba a taɓa rasa farar zabuwa a tsakar gidanmu ba. Ni dai ban taɓa ƙaunarsu ba. Ga kwakwazo, ga tonon shuka, ga rashin sanin mai ba su hatsi. Da safe, daidai lokacin da barci ya fi daɗi, sai su hau katanga su buɗe murya kamar an aiko su. Sau nawa na ce a yanka su kowa ya huta, Inna ta ce in na ƙara faɗa da ni za a fara.

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, Yaya ce ta gaji zabin. Ita ce babba a cikinmu, mijinta ya rasu ta dawo gida tana kula da Baba. Ba wanda ya ce mata ga zabi naki ne. Kawai dai da yamma ita ke fitowa da dawa a faifai, ta yi musu irin kiran da Inna ke yi da harshe, su taho a guje suna ture juna. Na sha ganin Baba ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana sauraron kiran nan, in an gama ya koma ciki.

Farkon wata damina ciwon kaji ya shigo unguwarmu. Sai ka ga kaza ta sunkuyar da kai ta saki fiffike, kafin la'asar an jefar da ita. Mun yi duk abin da ake yi, maɗaci a ruwan sha, barkono, maganin kanti, ba wanda ya yi aiki. Zabin suka daure har muka ce sun sha, sai su ma suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ƙarshe ta mutu Yaya ba ta ci abincin rana ba. Abin da ya rage mana shi ne ƙwan da ta dinga kwasowa daga gurbinsu a bayan rumbu, wanda ya kusa cika ƙwarya.

Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kowa ya sani, kaza ake zuba wa. To ina kazar? Unguwa ta yi fayau. Ni malamin makaranta ne a Ajingi, kullum a babur nake zuwa in dawo, don haka na bi dangin Inna gida-gida ina cigiyar kaza mai kwanci. Can ma ciwon ya share su. Fararen zabi kuwa, wata ƙanwar Inna ta ce su kam sun manta rabon da su gani, irin ya ɓace musu tuntuni, sai dai namu. Da na dawo na faɗa wa Yaya haka, sai ta ɗauki ƙwaryar ta kai ɗakinta ta rufe da wani tsohon zanen Inna.

Ni na kawo maganar na'urar ƙyanƙyasa. Wani abokin aikina da ya daina kiwo yana da ita, ya ba ni aro. Akwati ce kamar ƙaramin firij, da gilashi a gaba da jajayen lambobi masu nuna zafi, tana ɗumama ƙwai tana juya su da kanta. Abu ɗaya take nema, kada wuta ta yanke mata na dogon lokaci. Wutar garinmu kuwa ba ta sallama in za ta zo, ba ta yi in za ta tafi. Muna da ƙaramin janareta mai igiya, amma kafaɗar Yaya ba ta jan igiya tun da ta taɓa gocewa, Baba kuwa ko buta da hannu biyu yake ɗauka. Ni kuma ina Ajingi tun safe har la'asar.

Sai na ƙuƙuta na canza janaretan da mai batir, mai 'yan tayoyi biyu, na kira mai wayarin ya haɗa masa wani akwati a bango. Da an ɗauke wuta akwatin zai ji, ya tayar da injin, ya juya gidan kan wutar injin. Da an kawo kuma ya mai da gidan kan wutar gari, ya kashe injin. Naka kawai zuba mai. Muka ajiye shi a wani ɗan ɗaki gefen soro, aka fasa taga aka fitar da bakin salansa waje ta kan layi, don kada hayaƙi ya dami Baba. Wannan dabarar tawa ce, na kuma yi kwanaki ina yabon kaina a kanta.

Ranar da ya fara aiki muna zaune a tsakar gida aka ɗauke wuta. Kafin Yaya ta gama tsaki, sai muka ji tari daga gefen soro, inji ya kama, fanka ta ci gaba da juyi.

"Wa ya kunna?" in ji Baba.

"Ba kowa, Baba. Shi ya tashi da kansa."

"Wa zai kashe?"

"Shi zai kashe kansa in an kawo."

Baba ya daɗe yana kallon ƙofar ɗan ɗakin. "Ni ban yarda da shi ba," ya ce. "Bai jira an ce masa tashi ba. Ka tabbata in ka ce masa zauna zai ji?" Muka yi dariya ni da Yaya, muka ce tsufa ne.

Wanda ya fi kowa son injin nan shi ne maƙwabcinmu tela, abokin Baba tun suna yara. Gidansa ya kewaye namu ta gefe da ta baya, ɗaya gefen kuma bangon masallacin unguwa ne, shi ya sa ƙofa ɗaya tak gare mu, ta soro. Na ja masa waya ta kan katanga ya sami fitila da fanka a ɗakin ɗinkinsa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta injin ya tashi, sai mu jiyo muryarsa ta tsallako: "Ɗan albarka ya tashi!" In ya ga Yaya kuwa ba ya wuce ta.

"'Yar nan, yaya marayun naki?"

"Suna nan, Baba, suna ta barci."

"To ki sani, zabon farko nawa ne. Ni ma da nawa kunnen a wannan ƙarar."

Makonni suka tafi lafiya lau. Yaya ta koyi duba ƙwai da tocila. Sai ta rufe taga ɗakin ya yi duhu, ta ɗora ƙwai a bakin tocilar, hasken ya ratsa ɓawon. Da farko jijiyoyi ne jajaye siri-siri. Daga baya wata rana ina shigowa da babur ta ƙwala mini kira, ko ruwa ban sha ba ta ja ni ɗaki. A cikin ƙwan wani ɗan duhu yana motsi, yana juyawa a hankali. Ni da nake cewa a yanka iyayensu, sai ga ni na washe baki kamar an yi mini haihuwa. Abokin aikin nawa ya ce in suka kusa fitowa a daina juya su, kada a dinga buɗewa, kada kuma a girgiza akwatin ko kaɗan.

Muna cikin waɗannan kwanakin na ƙarshe ne tela ya rasu. Lafiyarsa ƙalau ya yi sallar asuba kusa da Baba, ya koma gida ya zauna a bakin kekensa, shi ke nan. Ban je Ajingi ba ranar. Da hantsi muka kai shi makwancinsa. Baba ya tsaya a bakin kabarin har aka gama, ban ga hawaye ba, amma sai da na riƙe shi muka dawo.

Ƙofar gidan tela ba fili, ba inuwa. Inuwar layin kaf ita ce darbejiyar ƙofarmu, don haka nan aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki, kamar yadda aka yi lokacin rasuwar Inna. A wancan karon tela ne ya zauna kusa da Baba yana amsa masa gaisuwa. Wannan karon Baba ne ya zauna kusa da babban ɗan tela, bayansu jingine da bangon ɗan ɗakin injin. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba, don tun jiya akwai wuta.

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, layin ya yi tsit. Yana tsakiyar addu'a na ga fankar shagon da ke tsallake ta fara rage gudu. An ɗauke wuta. Kafin in yunƙura injin ya yi tarinsa ya kama da ƙarfinsa duka, salansa ta feso baƙin hayaƙi a kan hulunan dattawa. Wani tsoho ya zabura har carbinsa ya faɗi. Muryar liman ta ɓace, sai bakinsa kawai ake gani yana motsi.

Baba ya juyo. Kallona kawai ya yi.

Na tsallake ƙafafun mutane na shiga na danna maɓallin kashewa. Ya mutu. Na fito ina sunkuye ina ba da haƙuri, na koma wurina. Liman ya gyara murya ya sake ɗaukowa daga farko. Ashe akwatin bango ya duba ya ga babu wuta, babu inji, shi kuma aikin da aka sa shi ke nan. Ana cewa amin ta biyu ya sake tayar da shi. Wannan karon na ji wani ya yi salati da ƙarfi, wani yaro daga nesa ya ƙyalƙyale da dariya aka make shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na koma a guje na rufe mai, na sa hannu na cire wayar batir, na tsaya ina haki ina jiran ko zai sake. Bai sake ba.

Da na shiga cikin gida, Yaya ta dawo daga wajen matan tela, tana tsaye gaban na'urar. Jajayen lambobin sun ɗauke. Ta ɗora tafin hannu a kan gilashin.

"Da sauran ɗumi," ta ce. "Yanzu za su kawo, ko?"

Na ce in sha Allahu. Amma kafin azahar labari ya zo cewa iskar hadarin jiya ta kwantar da turken wuta a bayan gari, yau ya ƙarasa faɗuwa da wayoyinsa. Masu sani suka ce a manta da wuta yau da gobe.

Bayan azahar na sami Baba shi kaɗai a soro. Na durƙusa, na rage murya yadda zan iya.

"Baba, ƙwan nan ba za su kai gobe ba a haka. In janyo injin tsakar gida mana, in ja waya kai tsaye."

"Tsakar gida? Su wa ke zaune a bayan katangar?"

Na san amsar. Matan tela ne da 'ya'yansa da masu yi musu gaisuwa, ana jin kukansu har ɗakin Yaya.

"Mutumin da ya wanke mini hannu ya ba ni abinci a baki ranar da uwarku ta rasu," in ji Baba. "A ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba gidana na ruri saboda ƙwai? Ba injin da zai yi kuka a gidan nan sai an yi addu'ar uku."

"Baba, na Inna ne fa. Su ke nan."

"Ni za ka faɗa wa na wace ce?"

Ban ƙara ba. Na san iyakata.

Da la'asar sai ga babban ɗan tela ya taso daga tabarma ya zagayo gaban Baba ya durƙusa, idonsa jawur. Wani ya riga ya gaya masa dalilin injin. A gaban jama'a ya yi maganar.

"Baba, don Allah a kunna. Mu ba ya damunmu ko kaɗan. Marigayi da kansa yana son injin nan, kullum sai ya sa masa albarka. Kada Yaya ta yi asara saboda mu."

Zuciyata ta yi fari. Na ce Allah ya kawo mafita, har na fara gyara zama zan tashi. Dattawa suka shiga cewa Allah ya yi masa albarka, ɗan halak, ya gaji ubansa. Baba ya dafa kansa.

"Ka yi naka, ɗana. Kana cikin wannan hali ka tuna da ƙwanmu. To bar mu mu ma mu yi namu."

Nan na gane an gama. Da yaron nan bai yi magana ba, wataƙila da yamma in mutane sun ragu in lallaɓa Baba ya kau da kai. Amma tunda masu mutuwa sun yi mana kara a bainar jama'a, in muka karɓa mun zama mutanen da aka yi wa tayin mutunci suka miƙa hannu biyu. Yaron bai haƙura ba, ya ce a tambayi mai ƙwan. Aka tura ni soro na kira Yaya, ta tsaya daga bayan ƙyaure inda ba a ganinta.

"Yaya, ki sa baki a kunna."

"Haba dai," ta ce, muryarta ras. "Ƙwai kuma? Allah ya jiƙan Baba tela, ya sa ya huta. Kada ka ƙara tayar da maganar nan."

Kowa ya yaba. Ni da nake daga cikin soro na ga hannunta ya damƙe gefen mayafinta har jijiyoyi sun fito. Haushi ya kama ni, na rasa na wa zan ji. Ba wanda ya yi laifi a wurin nan, kowa daidai ya yi, ƙwai kuma suna can suna hucewa.

Muka koma dabarun da suka rage. Yaya ta lulluɓe na'urar da barguna. Ta dafa ruwa ta cika gorori ta jera a ciki, in sun huce ta sake. Ta kawo kasko da garwashi ta ajiye a gefe, sai ɗakin ya yi zafi ta wani ɓangare, ɗayan ya yi sanyi. Ba lambobin da za su faɗa mana ko ya isa ko ya yi yawa, sai bayan hannu take ɗorawa. Kowace buɗewa kuma ɗumin da ya taru ne ke fita. Ga damina, iska mai sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Tsakanin wannan da wannan sai ta yafa mayafi ta shiga gidan tela ta zauna da mata, ta taya su tuƙa tuwon baƙi, ta dawo idonta a kan gorori. Na kira mai wayarin ko yana da wata hikima, aka ce ya tafi Kademi noman gonarsa, wayarsa ba ta shiga.

Kashegari na zo da sabuwar shawara. Akwai wani mai shago a bakin kasuwa da ke da wutar sola, ya ce in kawo na'urar ya sa mini. Na nemo mai a-daidaita-sahu ya tsaya a bakin layi. Amma ƙofa ɗaya ce, tabarmi kuma sun cika tun bayan asuba, baƙi daga ƙauyuka suna ta sauka. Sai an tashi mutane an naɗe tabarma sannan akwatin zai wuce.

"Ka tashi masu ta'aziyya ka wuce da akwatin ƙwai ta kansu?" in ji Baba. "Ai gara ƙarar injin."

Yaya ma ba ta goyi bayana ba. Ta ce an ce kada a girgiza su, ga layin duk rami da taɓo, kafin a kai kasuwa sun gama wahala. Na sallami mai a-daidaita-sahun. Na shiga ɗan ɗakin injin na zauna a kan tankinsa, ga mai cike, ga batir lafiyayye, ga waya a hannuna wadda ɗaura ta ba zai ɗauke ni komai ba. Ta bayan bango ina jin ana cewa ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Na daɗe a nan. Takaici ya sa har na ɗan yi hawaye, ni ƙato da gemu, a kan ƙwan tsuntsayen da ban taɓa so ba.

Da hantsin ranar Baba ya shigo cikin gida, abin da bai yi ba tun da aka fara zaman. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Yaya ya ce ta nuna masa. Ta ɗaga bargo ta buɗe. Ya duba ya duba, sannan ya ce ta kawo masa ruwa a randa. Da ta dawo ya sha ya fita. Can da rana ta ce mini ta ga gurbi biyu babu komai a faifan na'urar, ko ni na ɗauka? Na ce ko dai gurbin marasa ɗa ne da ta cire tun farko. Gajiya ba ta bar ta ta yi musu ba.

Na dai lura Baba ya ɗora babbar riga a kan 'yar cikinsa, bai kuma cire ba ko da rana ta buɗe aka fara gumi. Yana zaune hannunsa na hagu naɗe a ciki, da dama kawai yake gaisawa. In za a yi sujada sai ya sauka a hankali kamar mai ciwon baya. Na ɗauka rashin abokinsa ne ya sauko masa a jiki.

Ranar uku aka yi addu'a da safe, aka raba gumba, mutane suka fara watsewa. Aka naɗe tabarmi aka share gindin darbejiya. Har lokacin ba a kawo wuta ba. Baba ya jira har ɗan tela ya shige gida, sannan ya juyo.

"Je ka mayar masa da wayarsa."

Na buɗe mai, na ɗaura wayar batir. Ban gama miƙewa ba ya tashi, garau, kamar ba abin da ya faru. Na ji kamar in sa masa ƙafa.

Muka bar na'urar ta ɗauki zafi sosai, ko akwai mai sauran numfashi ya farfaɗo. Bayan azahar Yaya ta rufe taga ta ɗauko tocila. Ni nake miƙa mata. Kowanne ta ɗora sai mu ga duhun nan a kwance gefe guda, cikakke, har ana gane inda kai yake. Ta jujjuya, ta ƙyasta ɓawon da farce, ta kara a kunne. Ba motsi. Ta ajiye a ƙwarya, in miƙa wani. Ba ta yi kuka ba, sai dai tun daga tsakiya ta daina karawa a kunne. Haka muka bi su har na ƙarshe, ƙwaryar da suka zo a cikinta ta sake cika.

Muna zaune a duhun sai Baba ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Ya shigo yana laluben bango. Ya sa hannu ta wuyan babbar rigarsa, ya daɗe yana kwance wani abu, sannan ya fito da wani ƙyalle da ya ɗaura a cikinsa. Ƙwai biyu ne a ciki.

"Duba mini waɗannan," ya ce. "Ban bar su sun sha iska ba. Ko kwanciya a zaune na yi."

Yaya ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗora na farko a kan tocila. Ina kusa da ita, na ga abin da ta gani: duhun nan a kwance, ba motsi. Ta ɗora na biyu, ta daɗe a kansa fiye da duk sauran. Idon Baba ba ya gani sosai a duhu, fuskarta yake nema.

"Yaya dai?"

"Da ɗuminsu, Baba."

"To mayar da su. Me kike jira?"

Ta mayar da su tsakiyar faifan, ta rufe gilashin.

Fiye da mako muka yi muna ɗumama ƙwai biyun nan. An gyara turke, wuta ta koma halinta na zuwa da tafiya, injin kuma bai taɓa fashi ba. Ni nake zuba masa mai kowace safiya kafin in hau babur, ina sane da abin da ke cikin na'urar. Duk lokacin da ya tashi sai Baba ya ɗaga kai wajen katanga, ya ɗan jira, sannan ya mai da kansa ƙasa. Da farko kullum sai ya tambayi Yaya ko sun fara tsaga, ta ce tukuna. Daga baya ya rage tambaya. Wata safiya ya wuce ƙofar ɗakinta bai tsaya ba, ita kuma ta fahimta. Ta kashe na'urar, ta kai su bayan rumbu inda iyayensu ke gurbi ta binne. Na mayar wa abokin aikina kayansa, ya tambaye ni nawa suka fito, na ce Allah bai yi ba.

Da yammar ranar muna zaune a tsakar gida mu uku. Gidan shiru, ba kaza ba zabuwa, katanga fes ba mai hawa. Baba yana kan buzunsa yana jan carbi. Can ya tsaya.

"'Yar nan," ya ce, "ɗan yi mana kiran nan."

Yaya ta dube ni, na kau da kai. Ta tashi ta je tsakiyar gida inda ta saba tsayawa, ba faifai a hannunta. Ta yi kiran sau ɗaya, muryar ta sarƙe. Ta sake, wannan karon ya fita sak irin na Inna. Baba ya rufe ido yana saurare. Muka jira, mu duka ukun, har aka kira magariba.